Ƙidayar Zoila

A Iquitos, inda kogin Nanay ya cinye hanya,
Zoila Tapullima ta buɗe littafi bisa gwiwa.
Saƙon asibiti ya kwana tara a kwalekwale,
jita-jita ta riga shi sauka, ko jiƙewa ba ta yi ba.

"Wa ya ce allurar na ƙafar da nono?"
"Maƙwabciyata."
"Ita fa?"
"Waya."

Ta rubuta: waya. Karo na arba'in da ɗaya.

Tsohuwa Ermelinda ta miƙo gasasshiyar ayaba:
"Takardarku tana mana magana kamar alƙali.
Ƙarya kuwa, sai ta tambayi lafiyar jikokina tukuna."

Zoila ta ajiye alƙalami.
Sauro na kuka cikin tsohuwar taya.
"Jikokin naki," ta ce, "yaya sunansu?"