Ciwon Tsakiya

Ƙarfe biyun dare a Tudun Jukun,
janaretan maƙwabci ya yi shiru.
Saura ni da lasifika biyu
da kwalayen ƙwai da na manna a bango.

Na sa waƙar kasuwa, aikin manyan situdiyo,
na rage mata ƙarfi ta yi daidai da tawa,
don mai ɗaga murya
shi kunne ke fara ba gaskiya.

Tasu ta shigo kamar an buɗe taga.
Tawa ta shigo da gyale a baki.

Ba ƙasa ba ce, ganga na dukan ƙirji.
Ba sama ba ce.
Tsakiya ce:
muryar Barira da gurmi da piyano
sun cushe a kujera ɗaya
kamar fasinjojin Kwangila,
kowa gwiwarsa a haƙarƙarin wani.

Jiya Kawu Ilu tela, allura a leɓe,
ya ji rabin baiti ya ce,
"Yarinyar nan mura take yi?"
Ni wata uku ina neman sunan ciwon.

To, gurmi, matsa kaɗan.
Na rage masa tumbi a ɗari huɗu,
na buɗe wa Barira hanci wajen dubu uku.
Na koma tasu. Na dawo tawa.
Na koma, har kunne ya fara ƙarya.

Da safe Ɗanliti mai Keke
zai sa ta a fasasshiyar lasifikarsa.
In kalmar "dawo" ta tsira
daga ramukan hanyar Samaru, na gama.
In ba ta tsira ba,
akwai sauran shayi a filas.