Zaɓen Fata a Barrio Sur

A Montevideo, a layin da ke gangarawa bakin ruwa,
Don Ubaldo ya baje fatu bakwai a kan tebur,
ya ce wa jikarsa Zulma: "Rufe ido.
Ido na son fara, yana son mai santsi.
Ganga kuwa ba ruwanta da kyau."

Ta ɗora tafi. Ta farko ƙirgin tsohon sa ne,
kauri kamar dugadugin ɗan dako a tashar jirgin ruwa.
"Wannan ta piano ce," in ji shi, "babbar gangar,
wadda ke magana daga can cikin tumbi,
ba ta gaggawa, ba ta roƙon a saurare ta."

Ta biyu ya ɗaga ta ga hasken taga.
Rana ta ratsa ta, ta tona wani siririn tabo
inda saniyar ta taɓa gogar waya mai ƙaya.
"Nan za ta yage, ranar da ba ki shirya ba,
a tsakiyar titi, unguwa duka na bin bayanki."
Ya cilla ta ƙarƙashin tebur.
Kare ya shinshina, ya bar ta.

Zulma ta roba take so, irin ta kanti,
wadda ba ta san raɓa ba,
a ɗaure da sukurori, a manta.
Tsohon bai musa ba. Ya ɗauko guda, ya buga.
Ta amsa tsaf, daidai,
kamar ma'aikacin banki mai gaida kowa da murya ɗaya.
"Tana aiki," ya ce. "Ni dai
ban yarda da muryar da ba ta taɓa dishewa ba."

Ta chico, ƙaramar mai tsiwa,
ita ta cinye musu yini.
Ya lanƙwasa gefe, ya saki, ya ƙyasta da farce,
ya kai kunne kamar mai sauraren ƙirjin jariri.
Wajen wuya ya yi kauri, wajen ciki ya yi laushi.
Daga gadon baya ya yanko da'ira.

Ta kwana a ruwa.
Da safe suka ja, shi da filaya, ita da guduma,
ƙusa bayan ƙusa, kowace na kallon 'yar'uwarta.

Ran Lahadi iska ta taso daga kogi da laima,
fata ta saki, ta yi gum kamar mai fushi.
Aka hura wuta da tsoffin jaridu a bakin titi,
ganguna suka kwanta kewaye, fuska ga zafi.
Zulma ta tsuguna tana juya tata, tana ɗan taɓawa:
dum,
dum,
dam,
sai can, tan!

Ta waiga.
Don Ubaldo na ɗaure igiyar takalminsa,
bai ko ɗago kai ba.
"Janye ta," ya ce, "kafin ta ƙone."