Cokalin Ganye

Shekara talatin Kunhamina na dafa wa bukukuwan Kozhikode,
tukunyar da ƙarti biyu ke kamawa ita ke juya ta.
Daga ƙamshi kawai takan ce, "Gishiri bai ji ba,"
ba tare da ta kai baki ba.
Ni kuwa, Beeran, tuƙin kwalekwale na sani,
ko ruwan zafi ban taɓa ɗorawa ba.

Sai sankara ta shigo mana ba sallama.
Ruwan maganin da ake ɗura mata duk mako uku
ya kwashe gashi, ya kwashe barci,
ya bi ta harshe ya kwashe sana'a.
Shinkafa ta koma yashi,
kifi ya koma tsohuwar ƙusa,
ruwa ma, in ji ta, kamar lasar kwabo.

Na zama ɗan sandan kwano.
Ki ci. Ki daure. Loma ɗaya don Allah.
Ina ƙirga loma kamar mai bin bashi,
ita tana kallon bango,
damina na dukan rufi ba hutu.
In yunwa ta kama ni sai in zaga gindin rijiya
in ci a tsaye, da sauri, kamar ɓarawo,
ina jin kunyar cikina da bai daina karɓa ba.

Ran Talata motar masu duba majinyata a gida
ta tsaya ƙarƙashin kwakwa.
Nas Lissy ta tuɓe takalmi ta shigo.
Ba ta fara da ma'auni ba.
Ta zauna bakin gado ta ce, "Me ke hana ki barci?"
Shiru ya yi tsawo har na ji ɗigar ruwa a bokiti.
Can Kunhamina ta ce:
"Ba mutuwar ba ce.
Wata huɗu ke nan ba wanda ya tambaye ni komai
sai ko na ci."

Ina tsaye a ƙofa da faranti a hannu,
na rasa inda zan ajiye shi.

A waje Lissy ta ja ni gefe:
"Baba, bakinta duk miki ne, yaji wuta ne gare ta.
Kaɗan-kaɗan, sau da yawa.
Cikakken kwano tsoro yake ba ta.
Bari ya huce, tururi ke tayar mata da zuciya.
Fasa ƙwai a kunun shinkafa, zuba madarar kwakwa,
ka ɓoye cokalin ƙarfe.
Kai kuma, yaushe rabonka da cin abinci a zaune?"
Na ce mata ruwan sama ne a fuskata.

Washegari na kai kujerarta ƙofar madafa,
inda iska ke wucewa da hayaƙi.
Na ce, "Koya mini."
Ta harare ni irin hararar da,
wadda na yi wata huɗu ina kewa.
"Rage wutar. Juyi ake, ba tuƙi ba.
Ɗanɗana. Me ka ji?"
Na ce, "Daɗi."
Ta ce, "Daɗi ba amsa ba ce. Gishirin fa?"
Tun ranar na ara mata harshena.

Ta aike ni in tsinko ganye a bishiyar ƙofar gida.
Ta naɗe shi da yatsun da suka rame,
ta soke da tsinken kwakwa
yadda kakarta ke yi.
Cokalin ganye ba shi da ɗacin ƙarfe.

Ta sha uku. Na gani, ban furta ba.
Jiya bakwai. Shekaranjiya ko ɗaya,
ta kwana tana amai, na kwana riƙe da goshinta.
Likita bai yi mana alkawarin komai ba.

Amma da yamma tabarma ɗaya muke zama,
kwanona a gabana, ba ɓoyo.
Tana kallon yadda nake tauna
ta girgiza kai ta ce,
"Ruwa ya yi yawa. Gobe ka rage."

Gobe, in ji ta.