Ran Alhamis Ya Dawo

A ɗakin karatu na garin Ancud,
inda ruwan sama ke dukan kwanon rufi tun asuba,
mutum goma sha bakwai suka zo saurarona,
uku daga ciki fakewa kawai ta kawo su.

Na karanta musu shafin ƙarshe:
Baldomero ya kwance igiyar kwalekwalensa,
ya tuƙa cikin hazon teku, bai waiwayo ba.
Na rufe littafin, na ce, "A nan ya nutse.
Abin da nake nufi ke nan."

Wata tsohuwa a layin baya,
tafukanta sun yi kanta da gyaran kifi,
ta ɗaga nata littafin,
bangonsa ɗinke da zaren koma.
"Ba haka aka yi ba," in ji ta.
"Ran Alhamis ya dawo."

Aka yi dariya. Ni ma na dara.
Na ce, "Baiwar Allah, ni na haife shi.
Shekara huɗu ina goyonsa a teburina.
Na san inda na ajiye shi."

"Haihuwa ka yi, raino nawa ne.
Tun da teku ta riƙe mini Eleuterio
nake karanta wannan shafi kowane dare.
Hazo ka rubuta.
Nuna mini layin da ka rubuta gawa."

Na buɗe. Na bi da yatsa.
Igiya. Hazo. Kukan tsuntsu ɗaya.
Mutuwar tana can Santiago, cikin aljihun teburina,
a kan takardar da na yage da hannuna
don na ga ta cika surutu.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
To, ni na sayar da ɗakin tuntuni,
ita ke kwana ciki,
ita ke tara kwano a ƙarƙashin ɗigon.

Ta miƙo littafin in sa hannu.
"Ondina," ta ce, "kuma kada ka ƙara komai."
Ban ƙara ba.

Har yanzu na yarda ya nutse.
Ni na ji sanyin ruwan a wuyana lokacin da nake rubutu.
Amma a jirgin fito, da yamma,
na jingina da ƙarfe ina kallon hazo,
sai na kama kaina ina lissafi da yatsu:
yau Talata,
saura kwana biyu.