Kaftin Ya Sauka Tudu

Shekara talatin da ɗaya ina ƙetare ruwa guda,
Uskudar zuwa Eminonu, Eminonu zuwa Uskudar,
ban taɓa yi wa fasinja jawabi ba.
Ƙahon jirgi ke magana a madadina,
in ya yi kuka, kowa ya gane.

Sai likitan kamfani ya rufe mini idon dama,
ya ce, Rustem, karanta layin ƙasa.
Na ga tururuwa sun yi sahu a allo.
Ya daɗe yana rubutu. Ban tambaye shi ba.

Nermin ta ce, zauna gida ka yi kiwon tattabaru.
Na zauna kwana goma sha tara.
Na gyara famfon da bai lalace ba,
na raɗa wa kowace kyanwar layinmu suna.
Ran na ashirin, ita da kanta ta goge mini kwat.

Hawa na huɗu, ofishin hulɗa da jama'a.
Shugabata Ilgin, sa'ar autata ce,
tana latsa waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ta ce, a nan jirgi ba ya lalacewa,
duba lafiyarsa ake yi.
Kuma ba ma makara.
Na ce, to me muke yi?
Ta ce, muna gode wa jama'a da haƙurinsu.

Na rubuta a tafin hannu kamar ɗan firamare.

Sanarwata ta farko layi uku ce,
jan bironta ya mai da ita shafi.
Ta biyu na cika shafi, ta dawo layi uku.
Na koyi murmushi ba gaira ba dalili.
Na koyi cewa kyamara ba ta son mai kallon sama,
ni kuwa wuyana ya saba da neman iska.
Da azahar nakan ci gurasa mai riɗi a bakin taga,
in hango wani yaro yana juya jirgina,
yana goga masa ƙugu a jikin matsaya,
in ji abin a haƙarƙarina.

Wata Talata a tsakiyar hunturu
teku ya ja farin mayafi ya rufe fuska.
Aka tsayar da jirage. Ƙofa ta cika maƙil:
mai zuwa asibiti, mai jarrabawa, mai kai furanni kasuwa.
Ilgin ta maƙale a cunkoson gada,
ta bugo: karanta takardar, kada ka ƙara ko wasali.

Na fita. Makirufo bakwai a ƙarƙashin haɓata.
Na duba takarda, tururuwan nan suka dawo.
Tabarau na can hawa na huɗu.

Sai na ce, na tuƙa jirgin nan kafin a haifi wasunku.
A irin wannan safiya ba ka ganin hannunka,
sai dai ka ji jirgin dakon mai yana numfashi kusa da kai,
ba ka san ta wane gefe ba.
Wanda ya ce ku jira, so yake ku ci abincin dare a gida.
Wajen sha ɗaya iska za ta juyo daga arewa.
Ga mai shayi can.

Wata tsohuwa ta zage ni duk da haka, har da kakana.
Iskar kuma ba ta juyo ba sai ɗaya saura.

Da yamma Ilgin ta tsaya a kaina, ba ta zauna ba.
Ta ce, ba a yi wa 'yan jarida alkawarin iska.
Na ce, na ji.
Ta ce, gobe za a yi maganar ƙarin kuɗin tikiti,
kai za ka tare su. Ka zo da tabarau.
Ta kai bakin ƙofa, ta yi jim.
Ko kuma ka bar shi.

Na bi layi, na biya, na zauna a benen ƙasa
tsakanin ɗalibi mai gyangyaɗi da mata mai jakar kifi.
Yaron ya busa ƙaho, ya ɗan gajarta shi.
Na buɗe baki, na rufe.
Shayina ya karkata hagu, ya dawo daidai.