A Soke Sunana

Ranar Lahadi, bayan la'asar,
na iske su inda na saba iske su,
gindin dogonyaro, bayan shagon Nomau mai faci,
a Runjin Sambo.
Benci biyu, tabarma guda, butar shayi,
da littafin nan mai baƙin bango
da Arzika ke ɗaurewa da robar taya.

Na ce, "Arzika, buɗe shafi na huɗu."
Ya ce, "Tara kaz zo biya?"
Na ce, "Sunana za ka sokewa."

Shayin da Cika ke ɗagawa sama
ya tsaya a hanya, bai yi kumfa ba.

Shekara goma sha ɗaya
ina cikin masu kiwon tantabaru.
A nan na koyi duba idon tsuntsu in san lafiyarsa,
na koyi jiƙa jar kanwa a ruwan sha,
na san ƙwan da zai ƙyanƙyashe
tun ina ɗaga shi ga hasken rana.
A nan aka haɗa mini kuɗi
ranar da muzuru ya shiga ɗakin nawa
ya bar mini gashi da ƙafafu.

"Mi munka yi maka?" in ji Nomau.
Ba ku yi mini komai ba.
Da kun yi, da na ji sauƙin tashi.

To me zan ce?
In ce mun daina kallon sama?
Dā in garke ya tashi, shiru muke yi
har ya kewayo ta kan Gulbin Rima ya dawo.
Yanzu yana tashi, sai, "Nawa ka saye?"
Wane ya janye macen wane da gero,
wane bai gaida wane ba tun bara.
Ko in ce 'yata Hajo tana tari da dare,
likita ya tambaye ni ko muna da tsuntsaye,
na yi shiru kamar ɓarawo?
Ko in faɗi wadda ta fi nauyi:
wata safiya na watsa hatsi,
suka sauko,
ban ji komai a raina ba.

Arzika ya nemi biro.
Na farko bai kama ba,
ya goga shi a tafin takalmi.
Layi ɗaya ya ja, siriri,
ana iya karanta ni a ƙarƙashinsa.
Na ce, "Ƙara."
Ya ce, "Kai ƙara da hannunka."
Na ƙara.
Shekara sha ɗaya ba ta ci tawadar kirki ba.

Na ajiye ɗari biyar ta tarar da ake bi na,
na sha shayina na ƙarshe a tsaye.
Cika bai kalle ni ba.
Sai da na tayar da babur
na ji an koma gardamar da na katse.

Washegari na kai su Kasuwar Kara,
talatin da bakwai cikin kwando uku.
Wani mutumin Wamakko ya kwashe duka,
bai ko taya da kyau ba, na sallama.
Na sauke tukwane, na share kashi,
na wanke ɗakin da ruwan zafi.
Maiɗakina ta ce zai yi kyau da ajiyar gawayi.

Kwana tara.
Ba mai kira na da asuba a kan ƙwai ya fashe.
Tarin Hajo ya lafa.
Lahadi ta zo, na rasa inda zan sa ƙafa,
na gyara famfon da bai lalace ba.

Yau da hantsi ina wankin babur
na ji fuka-fuki a kan kwano.
Jar nan ce, mai farin wuya,
wadda Arzika ya ba ni tana 'yar shila.
Ta sauko bakin ɗakin gawayi,
ta karkata kai tana dubana da ido guda.
Ita ba ta iya karatu ba,
ba ta san an ja layi ba.

Hajo ta leƙo ta taga ta ce,
"Baba, in ɗebo gero?"

Har yanzu soso na hannuna.
Ban ba ta amsa ba.