Gidan Goro a Aboabo

Masu kuɗi sun ce a rushe,
a dasa bene hawa biyar, a zuba 'yan haya.
Ni kuwa na zo da takarda da igiyar awo,
na tsaya a zauren da kakana ya ƙirga huhunan goro.

Bango ya tsage tun daga kusurwa.
Boakye magini ya zura yatsa,
ya ɗanɗana ƙasar, ya tofar:
"Jar ƙasar Kumasi ce, ba ta mutu ba,
siminti ne ya toshe mata hanci."

Muka ɓamɓare simintin.
Ƙarƙashinsa ga karcen ƙusa layi-layi,
bashin fataken Salaga,
wani har yau bai biya ba.

A bayan gida na ɗaga ɗaki biyu,
ƙarfe da gilashi,
rufin ya karkata don ruwan Yuni
ya bi tanki, ya bar gindin bango.
Tsohuwar ƙofa na bar ta da kukanta.

Gwaggo Lantana ta zagaya,
ta ƙwanƙwasa gilashi,
ta ce, "To, ina zan shanya kuɓewa?"

Ban zana wurin ba.
Daren nan na sake warware takarda.